Daren da motar Baba ta tafi ba direba



Da yawa daga cikinku sun ji abin da ya faru a ƙofar gidanmu cikin daminar bara, wasu ma ganau ne, domin kafin a fito daga sallar asuba layin ya cika maƙil. Tun daga ranar ake tare mu a masallaci da wajen mai shayi ana tambayarmu yadda aka yi tirela da kayanta ta kama hanya ba kowa a ciki. Wasu sun ce hannu aka sa mana, wasu sun ce aikin iska ne. To, masu cewa iska sun kusa da gaskiya, sai dai iskar tanki ce, ba ta kan tsamiya ba. Mu ukun da muka gaji motar nan daga mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, mun zauna mun ga gara mu faɗi yadda abin yake da bakinmu, har da inda laifinmu yake, domin akwai motoci da dama masu irin ciwon tamu da suke kwana a layukan unguwar nan.

Ga yadda aka yi. Da la'asar aka gama lodin wake buhu 300 a kasuwar hatsi, da niyyar a tashi da asuba a nufi Legas. Direbanmu, wanda muke ce wa Kawu saboda tun yana yaron mota yake tare da Baba, ya kawo ta ƙofar gida kamar kullum. Ya ja hambirki, muka ji ta yi hucin nan da muka saba ji, yaron mota ya jefa waji guda a ƙafar baya, kowa ya tafi ya kwanta. Bayan isha'i hadari ya haɗo, aka kwana ana ruwa. Wajen ƙarfe uku na dare muka ji wata ƙara kamar gini ya rufta. Ashe ginin ne. Ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, wajin ya nutse ya zame, motar ta silalo ta bi ɗan gangaren da ruwa ke bi zuwa kwalbati, ta murƙushe teburin mai shayi, ta je ta daki katangar zauren maƙwabcinmu Malam. Taku goma sha biyar ne kacal tsakanin inda aka ajiye ta da inda ta tsaya, mun auna daga baya. Amma tan 30 na kaya, ban da nauyin motar kanta, ba sai da gudu suke rusa katangar bulo ba.

A zauren nan almajiran Malam suke kwana. Katangar ta faɗa ciki ta danne tabarmi biyu da wasu alluna. Allah ya sa feshin ruwa ya kori yaran zuwa ɗaya kusurwar tun tsakar dare, sai yaro guda da bulo ya faɗo wa a ƙafa, shi ma an ɗora shi ya warke. Da a bazara ne, lokacin da yara ke shimfiɗa a waje jikin katangar, wasu ma har ƙarƙashin motoci, da ba wannan rubutu muke yi ba.

Malam bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi mana ciwo. Ya ƙirga yaransa sau biyu da tocila, sannan ya juyo ya ce, "'Ya'yan Alhaji, yaran nan amana iyayensu suka ba ni, daga Gashuwa, daga Nguru, daga Haɗeja. Da an wayi gari da gawa, me zan je in ce musu? In ce motar maƙwabcina ce?" Babu wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu. Da gari ya waye Hajiya ta kira mu ɗakinta ta ce motar nan ba za ta sake taka titi ba sai an gano abin da ya sake ta, ko da waken zai ruɓe. Aka juye kayan a wata motar, muka yi asarar kuɗin lodin.

Ba sai an gaya wa ɗan Potiskum matsayin babbar mota a garin nan ba. Nan hanyar Kano ta Azare, da ta Bauchi da Jos, da ta Gombe, da ta Gashuwa, da ta Damaturu zuwa Maiduguri suke haɗuwa. Tun muna cikin jihar Borno, kafin a ƙirƙiri Yobe a 1991, kasuwar shanunmu ta ranar Laraba take ciyar da mahautan Legas da Ibadan da Fatakwal. Kakanmu da jakuna ya shigo garin nan daga ƙasar Kano, Ngizim da Karekare da Bolawa suka ba shi wurin zama, ya yi fatauci da su bisa amana. Babanmu ya fara da Marsandi 911, zamanin da ake harhaɗa Steyr a Bauchi da Fiat a Kano, daga baya da aka shiga yayin DAF da MAN da sauran motocin Beljiyam ya sayi wannan kan tirela, 'yar Turai, wadda ta riga ta sha aiki a can kafin ta hau jirgin ruwa. Da ita aka yi mana makaranta, da ita aka aurar da ƙannenmu mata. Shi ya sa har gobe ba ma ce mata motarmu, motar Baba muke cewa.

Da muka zaunar da Kawu, ya daɗe yana murza hula a hannu kafin ya yi magana. Ya ce, "Yarana, motar nan ba ta da hambirki tun Alhaji yana da rai." Babbanmu ya ce, "Haba Kawu, ai muna jin hucinta kullum in ka ja." Ya ce huci kam tana yi. Sannan ya ba mu labari. Wata shekara sun ɗauko shanu za su kudu, shi da Baba, rana tsaka a wajen Lokoja iska ta riƙa zubewa, geji ya faɗi, ƙafafun baya suka kama suka ƙi saki. Duk wanda ya taɓa dakon dabbobi ya san shanu ba sa jure tsayuwa a cikin mota a irin zafin nan, in ɗaya ta kwanta sauran su tattake ta. Wani bakanike na bakin hanya ya shiga ƙarƙashi ya warware dogayen notin da ke bayan busta huɗun, ya yanke tiyo guda ya cusa noti a ciki ya ɗaure da waya. Zubar iska ta tsaya, mota ta tashi, shanu suka isa lafiya. Baba ya ce in an dawo gida za a gyara. Aka dawo, lodi yana jira. Aka sake dawowa, wani lodin yana jira. Har Allah ya karɓi abinsa.

Ba za mu ɗora wa Kawu ba, ba kuma za mu ɗora wa wanda ke kabari ba. Abin da suka yi a ranar shi ne abin da aka yi notin dominsa, a kwance birki a janye mota zuwa wurin gyara. Shekarun da suka biyo baya kuwa namu ne. Notin nan huɗu a waje suke zaro-zaro, kowa yana gani, ƙaraminmu ma a jikin ɗaya yake rataye tsumman goge hannu. Ba mu taɓa tambaya ba, don mota tana kawo kuɗi.

Kafin mu ci gaba, bari mu yi wa waɗanda ba 'yan mota ba bayani yadda mu ma aka yi mana. Ƙaramar mota da mai take birki, babbar mota da iska. Akwai kwamfireso a jikin inji da ke ɗura iska a tankuna har allurar geji ta kai wajen 8 a irin tsofaffin motocin Turai. Daga nan wani bawul da kanikawa ke ce wa fowe ya raba iskar gida huɗu: biyu na birkin ƙafa, gaba da baya, na uku na hambirki da bodin tirela, na huɗu na ƙananan abubuwa irin su hon. An raba ne domin in gida ɗaya ya fashe sauran su tsira. A ƙafafun baya kuma akwai tukwanen ƙarfe da ake kira busta, kowace ɗaki biyu gare ta. Ɗakin gaba na birkin ƙafa ne, in direba ya taka iska ta shiga ta tura sanda birki ya kama. Ɗakin baya a juye yake aiki. Wani ƙaton sifirin ne a ciki wanda kullum so yake ya kama birki, iska ce take danne shi ya saki. In aka ja hambirki, iskar ce ake kora waje, sifirin ya miƙe ya danƙe ƙafa. Hucin da kuke ji in tirela ta tsaya, fitar wannan iska ce.

Ke nan mota mai lafiya, in iskarta ta ƙare, kamewa take yi. Wannan tunani na birki ya kama da kansa in tiyo ya tsinke daga jirgin ƙasa ya samo asali. Wani Ba'amurke, George Westinghouse, shi ya yi rajistar birkin iska a 1869, ya sake fasalinsa a 1872 ta yadda in taragu suka rabu kowanne zai tsaya da kansa. Sunan WABCO da ake gani a jikin bawul da yawa daga sunan kamfaninsa aka gutsuro shi, ɗaya sunan kuma, Knorr, na wani kamfani ne da aka kafa a Balin ta Jamus a 1905. Dokar birki ta Turai, inda aka ƙera motocin nan, ta ce hambirki da ƙarfe zalla zai riƙe mota, ba da iska ba, kuma sai birkin kan tirela shi kaɗai ya iya riƙe kai da bodi da kayansu a gangaren da ke sauka mita 12 cikin kowace mita 100.

To me ya sa tamu take huci kuma take tsayawa, alhali an kashe sifirin ɗinta? Nan yaudarar take. Sandar hambirki aiki biyu take yi: tana sakin sifirin na kai, tana kuma aika saƙo a kama birkin bodi. Bodinmu tsoho ne, ba shi da busta mai sifirin, da iska zalla yake kamawa, birkin murɗawa na hannu da ya zo da shi kuwa ya daɗe da ɓacewa. Saboda haka in Kawu ya ja sanda, bodi ya kama, mota ta tsaya cak, kowa ya ga tana da hambirki. Amma iska ba ta kwana a tsohuwar mota. Kafin tsakar dare ta kai ta tsiyaye, ta tankin bodi ma ta bi ta, ƙafafu goma sha takwas su zama a sake, sai ɗan guntun katako ya rage. Shekara da shekaru a kan waji motar Baba take kwana. Shimfiɗar garinmu ce ta rufa mana asiri. Da a Jos muke zaune, ko da ta taɓa kwana a Hawan Kibo, da tuni magana ta ƙare.

Muka ce gyara mai sauƙi ne, a mayar da komai yadda yake. Aka sa sabon tiyo a madadin wanda aka toshe, aka tada inji, aka saki sanda, aka mayar da notin huɗu ciki. Nan take tsohon ciwon ya dawo. Wani bawul da ke tsakiyar shasi, wanda ake kira rile, ya shiga huci ba ƙaƙƙautawa ta ƙasansa, geji ya kasa wuce 5, ƙafafu suna ja. Matashin bakaniken da muka kira ya sa kunne ya ce, "Ai ga ɓarawon nan, shi ke zubarwa." Muka sayo wani na Beljiyam aka ɗaura. Huci bai fasa ba. Aka ce wataƙila shi ma mataccen ne aka sayar mana. Na tsakiyarmu ya hau mota ya tafi Kano har Ƙofar Ruwa ya zo da wani, a kwalinsa. Aka ɗaura. Huci yana nan yadda yake. Kwana shida, bawul biyu, kuɗin mota zuwa Kano, ga masu kaya suna bugo waya. A daren nan har mun fara faɗa a tsakaninmu. Ɗaya ya ce a sake warware notin a sayi waji huɗu masu kyau, ai kowa haka yake yi. Ɗaya ya ce a sayar da ita a raba. Hajiya tana ji daga tsakar gida, ta ɗaga murya ta ce duk wanda ya sake taɓa notin nan bai ci albarkarta ba.

Kawu ne ya tuna da wani dattijon bakanike da ya yi wa Baba aiki tun zamanin 911, wanda yanzu ido ya yi rauni, yana zaune a bakin garejin yaransa a hanyar Damaturu. Muka je muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tambayi Hajiya, ya yi wa Baba addu'a, sannan ya ce a kai shi. Da ya zo bai taɓa sifana ba. Ya sa aka danna waji gaba da baya a ƙafa huɗu, ya ce ba ya shiga ƙarƙashin motar da bai ga wajinta da idonsa ba. Aka shimfiɗa masa buhu ya zauna kusa da bawul ɗin, ya ce a tada inji a tara iska, a kashe.

Ya ce, "Ja hambirki." Kawu ya ja. Bayan ɗan lokaci huci ya ɗauke.

"Saki." Ya saki, huci ya dawo.

"To taka birkin ƙafa, ka riƙe." Ya taka, huci ya ɗauke. Ya ɗaga ƙafa, ya dawo.

Dattijon ya yi dariya ya ce, "Ku yaran nan, bawul nawa kuka ce kun saya?" Muka ce biyu, Baba. Ya ce, "Da wanda kuka cire uku ke nan, kuma duk lafiyarsu ƙalau. Wannan bawul na birkin ƙafa ne. Ina ruwansa da hambirki? In da shi ne ya lalace, muddin akwai iska a tanki zai yi ta huci, a ja sanda ko a sake ta. Tunda sai an saki sanda yake kuka, iskar ba tasa ba ce. Baƙuwa ce ta biyo ta gidansa ta fita ta ƙofar baya."

Ya karɓi tsinke ya zana mana a ƙasa. Tsakanin ɗakunan busta biyu akwai bango, sandar sifirin tana ratsa shi ta cikin wani zoben roba. In zoben ya cinye, iskar da ke danne sifirin sai ta tsallaka ɗakin gaba, ta bi tiyon birkin ƙafa ta koma baya har rile. Shi kuma rile, in ba a taka birki ba, ƙofarsa ta fitar da iska a buɗe take, sai baƙuwar ta fice ta nan. In an taka, ƙofar ta rufe, shi ya sa hucin ke ɗaukewa. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma a harkar iska inda ka ji ɗiga ba lalle nan ne rufin ya huje ba.

Sai ya nuna mana wani abu da shekara ashirin muna kallo ba mu gani ba. Ya sa yaronsa ya goge jikin bawul da fetur, sai ga lambobi a zane kusa da kowace kafa. Ya ce duk bawul ɗin Turai haka yake, ko wane kamfani ya yi shi: 1 inda iska ke shiga, 2 inda take fita zuwa aiki, 3 inda ake zubar da ita waje, 4 inda saƙo ke shigowa. A jikin busta, 11 na birkin ƙafa, 12 na sifirin. A jikin fowe kuma 21 da 22 na ƙafa, 23 na hambirki da bodi, 24 na sauran. Ya ce wanda ya san wannan ya iya karatun mota ko bai je boko ba. Da yake tiyon motarmu duk baƙaƙe ne, an yi musu faci a Ore, an yi a Okene, an yi a Akwanga, ya sa aka bi kowane ɗaya da hannu daga tushe zuwa ƙarshe, ana ɗaura wa na ƙafa farin tsumma, na hambirki ja. Wannan kaɗai ya ci mana wuni.

Washegari aka tara iska, aka saki sanda, aka riƙa kwance tiyon lamba 11 daga busta ɗaya bayan ɗaya, ana shafa ruwan sabulu a bakin kafar. Ta farko shiru. Ta biyu shiru. Ta uku, ta ƙafar hagu ta can baya, ko sabulu ba a kai ga sawa ba, iska ta hure hular yaron. Zoben roba ne da bai kai faɗin murfin kwalba ba, shi ya tsayar da Baba a Lokoja, shi ya rusa zauren Malam.

Ƙaraminmu ya ce to a buɗe bustar a canza zoben mana, ya ma ɗauko sifana. Ba mu taɓa ganin dattijon ya fusata ba sai a nan. Ya ce, "Ajiye! Sifirin da ke cikin nan ƙarfinsa ya tasam ma tan guda. In ka kwance ɗamarar nan murfin zai tashi da kanka. Na yi jana'izar yaro a kan wannan." Ya ce busta ɗungurungum ake canzawa, kuma tsohuwar ma kada a jefar inda 'yan gwangwan ko yara za su sa mata guduma. Muna roƙon masu sana'ar gwangwan na unguwar nan su riƙe wannan.

Aka ɗaura wata bustar, aka tada inji, geji ya haura 8 ya tsaya, shiru kamar ba motar ba. Har mun fara gaisawa da juna. Dattijon ya ce a ja sanda tukuna. Kawu ya ja. Bodi ya kama, amma sandunan busta huɗun ko motsi. Sai wani siririn fito da muke ji daga ƙarƙashi, sandunan suna fitowa kamar tafiyar hawainiya. Sai da muka ƙirga fiye da minti biyu kafin su kama. Gwiwarmu ta yi sanyi. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce hambirki ma yana da nasa rile, shi ne wanda aka toshe wa tiyo a Lokoja, a duba masa lamba 3. Aka cire murfin, sai ga gidan zanzaro. Shekarun da bawul ɗin ya yi ba ya numfashi, zanzaro ya yi gini a ƙofar, ƙurar hunturu da baƙin mai suka bi suka daskare kamar siminti. Da, ta hujin tsohuwar bustar iskar ke samun hanyar gudu, shi ya sa ba mu lura ba. Da aka toshe hujin sai ta rasa mafita. Ciwo ɗaya ne ya ɓoye ɗaya. Aka ƙwaƙule, aka wanke, aka ja sanda, ta yi wani huci mai ƙarfi da ya tada ƙura, ƙafafu huɗu suka kama lokaci guda. Kawu ya ce rabonsa da jin wannan sautin tun gashinsa yana baƙi.

Abu na ƙarshe da ya koya mana shi ya fi ba mu kunya. Ya sa Kawu ya ja sanda ta shiga makullinta, sannan ya ce ya danna ta ya ƙara ja baya ya riƙe. Ashe akwai mataki na uku. A nan birkin bodi yake saki, a bar sifirin na kai su kaɗai da nauyin duka. An yi shi ne musamman domin direba ya gwada ko motarsa za ta tsaya bayan iska ta tsiyaye. Daƙiƙa biyar ake yi. Da sau ɗaya aka taɓa gwada wannan a ƙofar gidanmu, da motar ta motsa a gaban idonmu da rana, direba yana ciki, ƙafarsa na kusa da birki.

Mun roƙi Hajiya da Malam alfarmar dare ɗaya. Aka kwashe yara zuwa cikin gida, aka yi lodi, aka ajiye motar daidai inda ta kwana a wancan dare. Aka ja sanda, aka buɗe tankuna aka zubar da iska tas, aka ajiye waji tazarar tafin hannu daga taya, ba a manna ba. Mu uku a kan benci muka kwana. Da asuba Malam ya fito da sandarsa ya zura tsakanin taya da waji, tazarar tana nan. Ya ce, "To, yanzu ta zama mota." Mun gina masa katangarsa, mun biya mai shayi teburinsa, kuma duk da haka motar Baba a gareji take kwana yanzu, can bayan gari.

Mun san halin da masu mota ke ciki. Gas ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, kwana ɗaya a gareji asara ce. Mun kuma san maganar da ake yi, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma malamanmu kullum suna tuna mana a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali. Mu namu a kwance muka bar shi, a ƙofar makarantar allo. Abin da muka kashe a bawul biyu da katanga da lodin da ya kuɓuce ya ninka kuɗin busta sau da yawa, kuma wannan lissafin kuɗi ne kawai.

Roƙonmu ga 'yan'uwa masu motoci da direbobi: ku zagaya bayan motocinku yau ku dubi bayan busta. A irin tsofaffin motocin nan, in kun ga dogon noti ya fito waje, wannan ƙafar ba ta da hambirki, ko sanda tana huci. Ku gwada mataki na uku. Ku riƙa tsiyaye ruwan tanki. In bawul yana huci, kafin ku aika Kano ku tambaya yaushe yake yi, yaushe yake dainawa. Waji kuma a ci gaba da sawa, biyu, gaba da baya, amma a matsayin mataimaki. Iyaye da malaman tsangaya, don Allah a hana yara kwana ƙarƙashin manyan motoci ko a bayansu, komai zafi. Maƙwabci kuma in an ajiye tirela a jikin katangarka, kana da haƙƙin ka leƙa ka duba notin nan, ka kuma yi magana. Mu da Malam ya yi mana magana tun da wuri, wataƙila da mun ji haushi, amma da mun gode daga baya. Duk wanda ke son a nuna masa lambobin nan a jikin motarsa, ya same mu bayan la'asar, in ba mu yi tafiya ba.

Allah ya ji ƙan iyayenmu, ya saka wa dattijon nan da alheri, ya kiyaye mana hanya da gida. Amin.